Amsoshin Tambayoyinku: Yadda za ka gane aksil ɗin baya da ba a san asalinsa ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙarmu ta farko daga unguwar Mabera ta fito, nan cikin garin Sakkwato. Mai wasiƙar yana gyaran tsohuwar Land Rover ta mahaifinsa, Series III mai dogon shasi, wato 109. Ya sayo aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, wajen 'yan gwangwan a Illela, lambar jikinsa ba ta karantuwa, mai sayarwa dai ya ce na Land Rover ne. Yana son ya tabbatar kafin ya ɗaura.

Malam, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Dakata da ɗaurawa tukuna. Mai sayarwa zai iya faɗin gaskiya amma aksil ɗin ya ƙi motarka, domin Land Rover ɗin ma iri-iri ce.

Fara da wanki. Samu kananzir da buroshin waya ka kankare laka da tsohon giris daga bututun aksil ɗin, sau da yawa lambar tana nan a ƙasan dauɗa. In ba ta fito ba, sai a koma ga awo.

Ƙirga kusoshin da ake ɗaura taya. Na Land Rover biyar ne, a kan da'ira mai faɗin milimita 165. Tunda biyar ba su fuskantar juna, auna daga tsakiyar kusa ɗaya zuwa tsakiyar maƙwabciyarta, ka ninka da 1.7. Ya kamata tef ya nuna maka kusan milimita 97. In kusoshi shida ka gani masu faɗin 139.7, to na motar Japan ne, irin su Land Cruiser ko Hilux. Huɗu masu faɗin 140 kuwa Peugeot 504 ce.

Sai ka dubi mazaunin sifirin. Series tana zaune ne kan sifirin mai falle-falle, don haka za ka ga shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai rami a tsakiya. In faranti zagayayye ka gani na sifirin mai naɗi, wannan na Land Rover 110 ne ko Range Rover, kuma ya fi naka faɗi. Notukan da ke riƙe kan shaf a tsakiyar taya su ma shaida ne: shida a Series, biyar a waɗancan. Cire dram ɗin birki ka auna cikinsa. Na 109 inci 11 ne, na mai gajeren shasi inci 10. Kada ka yarda da ƙaramin birki a motar da aka yi don kaya.

Yanzu dubi tulun da ke tsakiya. In bayansa a rufe yake da walda, difarenshal kuma, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyi biyu, daga gaba ake kwance shi ya fito gaba ɗaya, wannan ƙirar Rover ce, shaf ɗinta tsaga 10 ke gare shi a ƙarshen da ke shiga ciki. In kuwa murfi ne a baya da notuka goma, Salisbury ka samu, mai tsaga 24, shi ne mai ƙarfin, kuma shi ya dace da Series III 109. Hancinsa ya fi na Rover tsawo, saboda haka farfelar ɗaya, wato sandar da ke kawo ƙarfi daga giya, ba ta shiga ɗaya.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne lissafin giyar ciki, wato sau nawa farfela ke zagayawa kafin tayoyi su zagaya sau ɗaya, kuma ido ba ya ganinsa daga waje. Difarenshal ɗin tsohuwar Range Rover yana zama daram a cikin aksil ƙirar Rover na Series, ga shi aksil ɗin 'yan gwangwan ya ratsa hannun makanikai da yawa kafin ya iso gare ka. Ɗora shi kan katako yadda dram biyu za su tashi daga ƙasa. Yi alama da alli a jikin dram ɗaya, ka yi wata a farantin da farfela ke kamawa. Yaro ɗaya ya riƙe ɗaya dram ɗin gam, kai kuma ka juya mai alamar sau biyu cif, wani yana ƙirga zagayen farantin. Sau biyu muka ce, domin idan aka danne gefe ɗaya, ƙananan giyoyin ciki suna ninka gudun ɗaya gefen. Zagaye huɗu da kusan kashi uku cikin huɗu, 4.7 ke nan, na Series. Uku da rabi kuwa 3.54 ne, irin na Range Rover. In kana son kawar da shakka, juya dram sau 20: za ka sami 47, ko kuwa 35 da ɗoriya. Wanda ya buɗe ciki sai ya ƙirga haƙora: 47 a babbar giya da 10 a ƙarama, ko 46 da 13.

Dole aksil ɗin gaba da na baya su zo ɗaya. In gaba 4.7 ne baya 3.54, muddin ƙafafun baya kaɗai ke ja ba za ka ji komai ba, sai dai motar ta rage ƙarfin tashi da kaya. Ranar da ka danna rawayan maɓalli ko ka ja jan liba, ƙafa huɗu suka kama, baya zai nemi ya wuce gaba da kusan kashi ɗaya cikin uku. A rairayi tayoyi za su yi ta tonon ƙasa. A kwalta kuwa babu inda ƙarfin zai fita, sai shaf ya murɗe ya karye ko haƙoran ƙaramar giya su zube.

In komai ya yi daidai, tsiyaye tsohon man a kwano mai tsabta ka duba ko da ɓurɓushin ƙarfe. Wanke 'yar hancin shan iska da ke saman bututu, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, zafi ya turo mai ta sil ya jiƙa birki. Zuba man giya EP90 har ya fara dawowa ta ramin zubi: ƙasa da lita biyu a Rover, kimanin biyu da rabi a Salisbury.

Wasiƙa ta biyu daga Tambuwal. Mai wasiƙar ya ce idan ya juya taya ɗaya, ɗayar tana bin ta gefe ɗaya maimakon ta juya baya. Alhaji, ko dai difarenshal ne mai hana sulɓi, ko kuma wani ya yi wa ƙananan giyoyin walda bayan sun lalace. Buɗe ka gani. In walda ce a canza shi, domin yana cin taya a kwana, yana kuma karya shaf. Wajen auna lissafin giyar irin wannan, juyi ɗaya ake yi, ba biyu ba.

Ta ƙarshe daga Wurno, mai Peugeot 404 salun. Aksil ɗinsa kusoshi uku ne, farfela tana cikin bututu, kuma can ƙasan tulun take shiga. Malam, wannan na asali ne, ka riƙe shi da kyau. Cikinsa dunƙulen ƙarfe ne mai zare kamar sukuru yana juya faranti na tagulla mai haƙora 21, lissafinsa 4.2. Kada a zuba masa kowane man giya da aka samu a tasha, domin sinadarin kibiritu da ke cikin wasu yana cin tagulla. Nemi wanda aka rubuta a jikin galan cewa ya dace da tagulla, kuma a tsiyaye tsohon tas kafin a zuba sabo, kada su haɗu.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.