Masu Tsintar Takardu: Lacca kan Aikin Sa Kai a Cibiyar YIVO

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu huɗu na zo da su game da watannin da na yi ina aikin sa kai a wata cibiyar binciken tarihin Yahudawa da ke birnin New York, ana ce mata YIVO.

Na ga fuskoki sun canja da na ce Yahudawa. Na san abin da ke ranku, ni ma yana raina. Amma waɗanda zan ba ku labarinsu talakawan Gabashin Turai ne, teloli da dukawa da malaman makaranta, kuma yawancinsu an kashe su kafin 1945.

Na farko, ita cibiyar. An kafa ta a 1925, mazauninta birnin Vilna, lokacin yana hannun Poland, yau shi ne Vilnius, babban birnin Lituweniya. Cikin jagororinta akwai masanin harshe Max Weinreich. Harshen da suka sa gaba sunansa Yidish. Gininsa daga Jamusanci ne, da aron kalmomin Ibrananci, kuma da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu. Me wannan ya tuna muku? Yauwa, Malam ya faɗa, Ajami. Har rainin iri ɗaya ne: Ibrananci harshen littafi da ibada, Yidish kuwa a ce ai na mata ne da 'yan kasuwa. Yaƙi ya ritsa da Weinreich yana wajen ƙasar, sai ya wuce New York a 1940, cibiyar ta ci gaba a can. Yau takardun da ke ma'adanarta sun haura miliyan 23.

To ina suka samo su? Nan nake so ku tsaya da ni. Akwai kalma guda da nake roƙon kowa ya tafi da ita gida: zamler. Ku maimaita. Zamler. (dariya) Hajiya, naki ya fi na kowa fita. Ma'anarta mai tattarawa, ni kuwa mai tsinta nake cewa. Tun 1891 masanin tarihi Simon Dubnow ya yi kira ga mutanensa da su tashi su nemo tsofaffin kundayen garuruwansu kafin su salwanta. Da aka kafa YIVO ba ta da kuɗin ɗaukar ma'aikata, sai ta juya ga jama'a. Mutum ba digiri, ba albashi, ya tashi daga shago da dare ya zauna gaban kakarsa yana rubuta karin magana. Wani waƙar reno. Wani wasan yara. Wani ya ɓamɓaro fastar zaɓe daga bango, ko ya tsinci tikitin wasan kwaikwayo, ko katin gayyatar biki, ya sa a ambulan, ya sayi kan sarki da kuɗin aljihunsa, ya aika Vilna. Katin biki fa, jama'a! Nawa kuka zubar a bana? Su ba su jira takardar sarki ko ta babban malami ba. Abin da kowa ke takawa ya wuce, shi suka duƙa suka ɗauka. Kuma da aka shafe garuruwan nan, sau da yawa abin da zamler ya aiko shi kaɗai ya rage ya nuna yadda mutanen wurin suke zolaya, yadda suke lallashin jariri.

Ban gama da su ba. Cibiyar ta shirya gasa ga matasa, a 1932 da 1934 da 1939, kowa ya rubuto tarihin rayuwarsa. Sama da 600 suka iso. Yara suna faɗin yunwa, da faɗa da uba, da son makarantar da ba halin shiga. Ranar da aka sa za a sanar da waɗanda suka ci ta ƙarshe ita ce 1 ga Satumba 1939. Ranar ce Jamus ta afka wa Poland.

Na biyu... a'a, wannan ma cikin na farkon yake. 'Yan Nazi sun shiga Vilna a Yunin 1941. Suka tara wasu Yahudawa masu ilimi a ginin YIVO, suka tilasta musu tantance littattafai: kaɗan a kai Jamus, mafi yawa a kai masana'anta a markaɗe. Cikinsu akwai mawallafan waƙa biyu, Abraham Sutzkever da Shmerke Kaczerginski. Sai suka riƙa cusa takardu cikin tufafinsu, su ratsa ƙofar unguwar da aka killace su, inda ake caje, su je su binne. Wanda aka kama, ransa ne. Mutanen unguwar suka laƙaba musu rundunar takarda, wasu ma da ba'a, don ana smogal ɗin burodi su suna smogal ɗin takarda. Zamler ne fa har yanzu, wuƙa a wuya.

Abin da aka kai Jamus sojojin Amurka suka gano, aka kai New York a 1947. Na Vilna kuma, da mulkin Sobiyet ya juya wa al'adun Yahudawa baya, wani ma'aikacin laburare ɗan Lituweniya, Antanas Ulpis, wanda ba Bayahude ba ne, ya ɓoye su a wata tsohuwar coci. A 2017 ma an sanar da gano shafi kusan 170,000. An ɗauki hoton na Vilna da na New York, shafi sama da miliyan 4, an haɗe su a intanet, aka kammala a 2022.

Shugaba yana nuna min agogo. Na biyu, aikin kansa, a gurguje. Ba biro, fensir kaɗai. Ka wanke hannu, ka buɗe kwali, ka cire ƙarfen maƙale takarda da ya yi tsatsa, ka sa kowace a jakar takarda marar asid, ka rubuta abin da ke ciki. Kwali ɗaya ya ci maka mako. Baƙaƙen na koya, amma rubutun hannu sai wata dattijuwa da muke tebur ɗaya, wadda ta sha harshen a nono. Wata rana tana karanto min wasiƙa sai ta yi shiru, ta ce haka mahaifiyarta take rufe wasiƙa. Na uku kuma...

(Tambaya daga zaure: wani ɗalibi ya ce kakansa ya bar gafaka cike da takardun Ajami, gara ta fara ci, yana so ya kai a yi musu lamineshin.)

Kada ka kai! Don Allah, ɗana, kada ka kai. Zafi da gam ɗin robar nan suna kama takarda, ba ta ɓantaruwa kuma. Salatif ma haka, bar wadda ta yage a yagenta. Ka ɗauke gafakar daga ƙasa, ka nisanta ta da bango da leda, don leda tana riƙe damshi. Kada ka sake jera su, yadda kakanka ya bar su shi ma bayani ne. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, gaba da baya, a inuwa mai haske. Akwai wanda ya rage da ya san hannunsa? Gwaggonka? To gobe ka je wurinta da fensir, tun kafin ka nufi Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, ta faɗa maka wa ya rubuta wace. Shugaba, minti biyu, in karɓi lambar yaron nan.