Masu Google sun ajiye karatu, to ta yaya jami'arsu ta samu dala miliyan 336?

Kun sha ganin hoton nan da ake yaɗawa: fuskokin attajiran fasaha a jere, an rubuta a ƙasa wai duk sun ajiye karatu, don haka jami'a ba ta tsinana wa kasuwanci komai. To, mu ɗauki biyu daga cikinsu. Ga Larry Page, ga Sergey Brin. Gaskiya ne sun dakatar da karatun digirin digirgir a Jami'ar Stanford suka kafa Google a 1998. Amma dabarar jera shafukan intanet da aka gina kamfanin a kanta, wato PageRank, takardar mallakarta ba da sunan Google ta fito ba. Da sunan Stanford ta fito.

Nan ne mutane ke ruɗewa, don haka mu tsaya a nan.

Malami ko ɗalibi ya ƙirƙiro wani abu a ɗakin binciken jami'a, da kayan jami'a, da kuɗin tallafin gwamnati. Na wane ne? A Amurka, kafin 1980, amsar galibi ita ce na gwamnati. Takardun mallaka kusan 28,000 suka taru a hannunta, waɗanda aka ba kamfanoni lasisin amfani da su ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba miliyoyi yana gyara abu har ya isa kasuwa, alhali gobe abokin hamayyarsa zai iya ɗauka ya yi irinsa?

Sai dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ce jami'a ta riƙe mallakar, da sharaɗin ta yi ƙoƙarin kai abin kasuwa, kuma ta ba wanda ya ƙirƙira kasonsa. Jami'a ba ta sayar da gonar, haya take bayarwa. Wani ofishi ne na musamman ke wannan aiki: shi ke duba ko ƙirƙirar za ta yi kasuwa, ya biya lauyoyi, ya nemo kamfani, ya zauna ciniki. Stanford ta buɗe nata tun 1970. Ba ofishin da ake ɗaukar hoto a gabansa ba ne, tebur ne kawai da takardu.

Sabon kamfani kuwa ba shi da kuɗin biyan lasisi, shi ya sa sau da yawa yake biya da hannun jari. Haka Google ya yi, ya ba Stanford hannun jari miliyan 1.8. Jami'ar ta sayar da su, a 2005 aka ji ta samu dala miliyan 336. Wasu na cewa ta yi gaggawa. Ni dai da ni ne, da ban ma kai 2005 ba.

Kada wannan adadin ya ruɗe ku. Irin wannan sa'a ba kullum ba ce, yawancin waɗannan ofisoshi da ƙyar suke mayar da abin da suke kashewa. A ganina ma duk jami'ar da ta buɗe ofishin don neman kuɗin shiga ta ɓata lissafi tun farko. Ribar tana zuwa wa yankin da jami'ar take ne.

Ga dalili. Sabon kamfani yana son zama kusa da malamin da ya san sirrin abin, da ɗaliban da zai ɗauka aiki. Frederick Terman, malamin injiniya a Stanford, ya gane haka da wuri. Shi ya ƙarfafa wa tsofaffin ɗalibansa Hewlett da Packard gwiwa suka kafa kamfani a 1939 a wani gareji a garin Palo Alto kusa da jami'ar, kuma a 1951 jami'ar ta fara ba kamfanoni hayar filinta. A Jihar Carolina ta Arewa an ware wa kamfanoni irin wannan fili tsakanin jami'o'i uku a 1959. Kwalejin Trinity ta Kambirij a Ingila ta yi nata a 1970.

Darussan koyar da sana'a, gasar shirin kasuwanci, cibiyoyin renon sabbin kamfanoni, duk suna da amfani. Amma in kuna son auna wata jami'a, ku nemi ganin takardar da ta fayyace wa ke da ƙirƙira, nawa ne kason mai ƙirƙira, kuma wata nawa ake ɗauka kafin a sa hannu a lasisi.