'Yan Silobak da 'yan Okinawa a Amurka: ci-rani ɗaya, makoma daban

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zancen wasu al'ummomi biyu na ɗauko muku waɗanda in ka kalli taswira babu abin da ya haɗa su, ɗaya daga tsakiyar Turai cikin duwatsu inda ko teku babu, ɗaya kuma daga wasu tsibirai can kudancin Japan inda ko ina ka juya ruwa ne. 'Yan Silobak da 'yan Okinawa kenan. Talauci ne ya koro su dukansu, a gida kuma kowannensu a ƙarƙashin wani yake, kuma kusan lokaci ɗaya suka nufi Amurka neman kuɗi, amma yau in ka zaga garuruwan da kakannin nan suka sauka sai ka ga wani gari ya bushe an watse, wani kuma gida ɗaya a cikinsa ya haura dala miliyan. To me ya raba su? Ku biyo ni.

Mu fara da 'yan Silobak. A wancan lokacin babu ƙasa mai suna Silobakiya, suna cikin masarautar Hangari ne a daular Ostiriya da Hangari, manoma ne masu 'yan ƙananan gonaki, musamman na gabashin ƙasar, yara sun yi yawa gona ba ta ƙaru ba. Daga shekarun 1870 zuwa yaƙin duniya na farko wajen mutum rabin miliyan suka tsallaka Amurka. Kuma fa galibinsu ci-rani suka je, irin wanda muka sani sarai, namiji ya bar mata da yara a ƙauye ya je ya tara kuɗi ya dawo ya sayi gona, da yawa sun yi ta zuwa suna komawa kafin daga baya su kwaso iyali. Inda suka sauka shi ne jihar Pensilbaniya da Ohio, ramukan haƙar gawayin kwal a wajajen Hazleton da Scranton, da masana'antun ƙarfe na Pittsburgh da Youngstown da Cleveland.

Ku kalli hoton nan da kyau. Wannan gidan haya ne na leburori, mace ɗaya ke dafa wa maza goma ko fiye abinci ta wanke musu kaya, gadon ma ba ya hucewa, mai aikin dare yana tashi mai aikin rana zai kwanta a gurbinsa. A masana'antar ƙarfe awa 12 ake yi a gaban wuta, ranar canjin juyi kuma mutum ya yi awa 24 a tsaye. Yaran nan da kuke gani fuskarsu baƙi ƙirin, zaune suke suna tsince duwatsu daga cikin kwal da hannu. Gidan na kamfani ne, shagon da za ka ci bashi ma na kamfani ne. A ranar 10 ga Satumba 1897 a wani wuri da ake kira Lattimer, ma'aikatan kwal suna tattaki na yajin aiki ba makami a hannunsu, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta suka kashe mutum 19, akwai 'yan Silobak a ciki da 'yan Folan da 'yan Lituweniya, aka kai ƙara kotu kuma aka wanke waɗanda suka yi harbin. Wallahi duk lokacin da na dawo kan wannan labari sai raina ya sosu.

Da yake ba mai tausayinsu, sai suka kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai. A 1890 kaɗai an kafa manya biyu, ɗaya a Pittsburgh ƙarƙashin Peter Rovnianek, ɗaya a Cleveland wadda ake kira Jednota, wani limamin Katolika mai suna Stefan Furdek ya jagorance ta. Kowa yana zuba ɗan kuɗi duk wata, in rami ya rufta da mutum a samu na jana'iza, a ba matarsa abin riƙe yara. Ku riƙe wannan, kuɗinsu na haɗaka inshora ce ta mutuwa da rauni, sai ginin coci da makarantar coci. Zan dawo kansa.

Yanzu mu tsallaka tekun Fasifik. Okinawa da can masarauta ce mai zaman kanta, Ryukyu, da sarkinta da harshenta, sai Japan ta haɗiye ta a 1879. A watan Janairun 1900 mutum 26 na farko suka sauka Honolulu a tsibiran Hawai, wani mai suna Kyuzo Toyama ne ya yi fafutukar a bar su su fita, aka kai su gonar rake ta Ewa. Daga nan aka yi ta kwarara, ba Hawai kaɗai ba har Peru da Burazil, jirgin farko ma da ya kai Japanawa Burazil a 1908 cikin mutum 781 da ya ɗauka 325 'yan Okinawa ne. A shekarun 1920 da farashin sukari ya faɗi yunwa ta kai mutanen Okinawa suna cin wata bishiya mai guba da ake kira sotetsu, sai an jiƙa ta an wanke kwana da kwanaki kafin ta ciwu, wanda ya yi gaggawa kuma ya mutu.

Abin da ya sami 'yan Okinawa a Hawai wulaƙanci ne ninki biyu. Turawa masu gonaki suna kallonsu a matsayin leburorin Asiya, sannan Japanawan babban yanki waɗanda suka riga su zuwa tun 1885 su ma suna raina su, harshensu daban, matansu tsofaffi suna da zane a bayan hannu, kuma suna kiwon alade suna ci, yara har waƙar tsokana suke musu a kan aladen, aure kuwa ba a cika ba su ba. Su suna kiran kansu Uchinanchu, su kira waɗancan Naichi.

To a nan ne doka ta shigo, kuma ni a ganina ita ce babbar mahaɗar hanya. Ɗan Silobak duk rainin da ake masa, duk sunan banza da ake kiransa da shi, a idon doka farar fata ne, in ya yi shekara biyar zai iya neman zama ɗan ƙasa ya yi zaɓe. Wanda aka haifa a Japan ko Okinawa kuwa kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1922 cewa ba shi da wannan dama, haka aka zauna har 1952. Dokar shige da fice ta 1924 ta rage wa Cekosilobakiya, sabuwar ƙasar da 'yan Silobak suka koma cikinta bayan yaƙin duniya na farko, gurbi zuwa wajen mutum 3,000 a shekara, amma Japan rufe mata ƙofa aka yi gaba ɗaya. Kenan a takarda ɗan Silobak ya yi gaba nesa ba kusa ba.

Sai dai ku ga yadda abin ya juya. Ɗan Okinawa da ya bar gonar rake ba wanda zai ɗauke shi babban aiki, sai ya kama sana'ar da wasu ke ƙyama, kiwon alade a bayan garin Honolulu, da asuba ya zaga gidajen abinci da mota yana kwasar ragowar abinci a garwa ya dafa wa dabbobinsa, wasu kuma kiwon kaji, wasu wankin kwanuka a gidan abinci har su koyi girki su buɗe nasu. Jarin daga ina? Daga adashi. Eh, adashin da iyayenmu mata ke yi, su suna kiransa moai, a Hawai kuma a ce tanomoshi, mutum goma ko ashirin 'yan ƙauye ɗaya su zuba, wannan watan wane ya kwasa ya kama shago, wata mai zuwa wane. Mutanen wani ƙauye guda mai suna Oroku sun shahara da wannan, wanda ya buɗe gidan abinci ya ɗauko ɗan garinsu ya koya masa shi ma ya je ya buɗe, har an ƙirga gidajen abinci sama da 300 na 'yan Okinawa a Hawai cikin shekarun da suka biyo. Kun ga bambancin da na ce ku riƙe? Haɗakar 'yan Silobak tana kare iyali ne in masifa ta faɗo, ta 'yan Okinawa kuma tana zama jari. Kuma ba wai wani ya fi wani wayo ba ne, mai shiga rami kullum dole tunaninsa na farko ya zama wa zai riƙe min yara, garin kamfani kuma babu kasuwar da za ka buɗe shago ka yi gogayya da shagon kamfani.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, a babban yankin Amurka an kwashe Japanawa wajen 120,000 an tsare a sansanoni, dukiyarsu ta salwanta, amma a Hawai ba a yi kwasar gaba ɗaya ba don sun yi yawa kuma da su tattalin arzikin ke tafiya, waɗanda aka tsare ba su kai 2,000 ba. Sojoji suka cika tsibirin, kowa yana neman abinci da nama, masu alade da masu gidan abinci suka samu ciniki irin wanda ba su taɓa gani ba. A 1949 'yan'uwa biyu 'yan gidan Teruya suka buɗe kantin Times, a 1966 Francis da Charles Higa suka buɗe gidan abinci na Zippy's wanda yau kusan ba wanda ke Hawai bai san shi ba. Hawai ta zama jiha a 1959, jirage suka fara sauke 'yan yawon buɗe ido, ƙasa ta yi tsada, wanda ya mallaki fili ko shago ya tashi da ita, yara kuma aka tura su jami'a. A 2014 David Ige ya zama gwamnan Hawai, ɗan asalin Okinawa na farko da ya riƙe kujerar gwamna a Amurka.

Su kuma 'yan Silobak ƙungiyar ƙwadago ce ta ɗaga su. Daga ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan ƙarfe suka samu ƙungiya mai ƙarfi, zuwa shekarun 1950 da 1960 mutum da takardar sakandare kaɗai yana ɗaukar albashin da zai sayi gida da mota ya kuma samu fansho. Masana tarihi da dama sun lura cewa a zuriyar farko mallakar gida da tsayayyen aiki sun fi dogon karatu daraja a wajensu, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutanen da a gida makaranta ita ce inda ake tilasta wa ɗanka harshen Hangari. Uba a masana'anta, ɗa a masana'anta, jika ma yana jiran gurbinsa. Wasu sun fita sun yi nisa fa, Eugene Cernan wanda shi ne na ƙarshe da ya taka duniyar wata a 1972 jinin Silobak ne ta wajen uba. Amma garuruwan a kan sana'a ɗaya suka rataya. A 1959 kogi ya fasa cikin ramin kwal na Knox a Pensilbaniya ya kashe mutum 12, haƙar kwal mai zurfi a wannan yankin ba ta sake farfaɗowa ba. A ranar 19 ga Satumba 1977 aka sanar da rufe wata babbar masana'antar ƙarfe a Youngstown, aikin mutum wajen 5,000 ya tafi. Masana'antar ƙarfe ta Homestead kusa da Pittsburgh ta bi a 1986. Youngstown da ta taɓa kai mutum 170,000 a ƙidayar 2020 wajen 60,000 suka rage, Braddock kuwa, wani garin ƙarfe kusa da Pittsburgh, daga sama da 20,000 ta dawo ƙasa da 2,000. Jikokin ba talakawa ba ne a jimlace, galibi masu matsakaicin hali ne, sun yi karatu sun bazu unguwannin bayan gari da wasu jihohi, amma gidan da kaka ya kashe rayuwarsa ya biya darajarsa ta zube, coci-cocin da aka gina da kuɗin leburori ana ta haɗe su ana rufewa.

Kada kuma wani ya ɗauka 'yan Okinawa duk sun huta. Hawai tana cikin wuraren da rayuwa ta fi tsada a Amurka, a tsibirin Oahu matsakaicin gida ya haura dala miliyan ɗaya, a Youngstown kuwa da ƙasa da dala dubu 100 za ka samu gida, don haka in ka ga albashin wannan ya fi na wancan a jadawali ka tambayi nawa ke ragewa bayan haya. Matasa da yawa suna barin Hawai zuwa Las Vegas, har Zippy's ta bi su ta buɗe reshe can a 2023.

Ƙidayar kanta ma sai da lura. A 1990 mutum wajen miliyan 1.9 suka ce su jinin Silobak ne, a 2000 sai aka ga wajen 800,000, ba annoba aka yi ba, a fom ɗin 1990 an rubuta sunan Silobak cikin misalai, a na 2000 aka cire. 'Yan Okinawa kuma yawancinsu a ƙarƙashin Japanawa ake lissafa su, waɗanda ke rubuta Okinawa da hannunsu 'yan kaɗan ne.

A can gida kuwa labarin ya sake juyawa. 'Yan Silobak na Amurka sun sa hannu a yarjejeniyar Pittsburgh ta 1918 da ta share hanyar kafa Cekosilobakiya, Silobakiya ta tsaya da ƙafarta a 1993, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, yau in aka raba motocin da ake ƙerawa da yawan jama'a tana sahun farko a duniya. Okinawa kuwa yaƙin 1945 ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta, Amurka ta riƙe ta har 1972, yanzu ma wajen kashi 70 cikin ɗari na filayen da sojojin Amurka ke riƙe da su su kaɗai a Japan suna kan wannan ɗan yanki da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙasar ba, kuma tana cikin yankunan Japan masu ƙarancin kuɗin shiga.

Bayan wancan yaƙin tsibirin ya ƙone, dabbobi sun kusa ƙarewa, sai 'yan Okinawan Hawai suka yi karo-karo suka tara kusan dala 50,000, suka sayi aladu 550 a babban yankin Amurka, mutum bakwai suka shiga jirgin ruwa da su a 1948 suna ba su abinci suna gyara kejin da guguwa ke farfasawa har suka sauke su a Okinawa aka rarraba wa ƙauyuka. Dabbar da ake musu waƙar tsokana da ita a filin makaranta, ita suka tura gida. A garin Uruma inda jirgin ya tsaya akwai dutsen tunawa da mutum bakwai ɗin, shi ne wannan da kuke gani a allo yanzu. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, Allah Ya bar mu tare.