Hukuncin da Aka Jinkirta: Lacca kan Yarjejeniyoyin Rage Hayaƙi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku za mu duba a yarjejeniyoyin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya: wa ya shiga, me aka ɗora masa, da abin da zai same shi in ya saɓa.

Bari in fara da na ƙarshen, don shi ya fi ci mini rai. A yarjejeniyar Kyoto, birnin Japan, 1997, an ba ƙasashe masu masana'antu adadi a rubuce: tsakanin 2008 da 2012, su rage kusan kashi 5 cikin ɗari ƙasa da na 1990. Daga baya aka yi tanadin hukunci, cewa duk tan ɗaya da ka wuce, za a cire maka tan 1.3 daga rabonka na zango na gaba. Ku riƙe wannan da kyau. Hukuncin yana zango na gaba, rabon zango na gaba kuma sai da amincewarka ake yanka shi. To wanda ya san ana bin sa bashi, me zai kai shi? Kanada ta ga hayaƙinta ya haura nesa, a Disamban 2011 ta sanar da ficewa, ba abin da ya biyo baya. Japan da Rasha suka ƙi ɗaukar sabon adadi a zango na biyu. Ina maimaitawa, jama'a: an ajiye hukuncin a ɗakin da mai laifi ke riƙe da makullinsa.

Ku kwatanta da yarjejeniyar Montreal, 1987, wadda ta shafi sinadaran da ke cinye ozon, wato iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Can an hana mambobi cinikin waɗannan sinadarai da ƙasar da ba ta shiga ba, aka kuma kafa asusun taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Zama a waje sai ya koma asara, shi ya sa kowa ya shigo.

Na biyu... a'a, na farko ke nan da na tsallake, wato wa ya shiga. Amurka ta sa hannu a Kyoto amma ba ta tabbatar ba, domin tun Yulin 1997 Majalisar Dattawanta ta kaɗa ƙuri'a 95, babu mai adawa, cewa ba ta yarda da yarjejeniyar da ba ta ɗora wa ƙasashe masu tasowa komai ba. Wannan ya sa a Paris, 2015, aka juya tsarin. Kowace ƙasa ita ke rubuta alkawarinta, ta sabunta duk shekara 5, ta kawo rahoto. Miƙa alkawarin dole ne, amma yarjejeniyar ba ta tanadi hukunci ga wanda bai cim ma adadin ba.

Malama, ga hannunki a sama, bismilla.

Tana tambaya ko ana iya kai ƙasa kotu. A Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da ra'ayin shawara, bayan buƙatar da Vanuatu, ƙasar tsibirai a Tekun Pasifik, ta jagoranta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta ce ƙasar da ta yi sakaci wajen kare yanayi tana iya zama mai laifi a dokar ƙasa da ƙasa, har a nemi diyya a kanta. Sai dai shawara ce, ba hukuncin da ake zartarwa ba. Mai ƙara kuma sai ya nuna alaƙa tsakanin sakacin da ɓarnar da ta same shi, sannan ya samo kotun da ƙasar da yake ƙara ta yarda da huruminta tun farko.