Takardar bincike: ta ina ake kama ta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ce an turo muku takarda ta WhatsApp, shafi goma sha biyu da Faransanci, an ce masana sun tabbatar tassa na ƙara hatsi. Ta ina za ku kama?

Mu a ƙasar Tawa, wajajen Illela da Badagishiri, mun san tassa: ramuka ne da manomi ke haƙawa a fako tun rani, ya zuba taki, in sama ta sauko ruwa ya taru a ciki.

A kan takardar akwai take, da sunayen marubuta, da inda suke aiki, kamar INRAN (cibiyar binciken noma ta Nijar) ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Sai tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin duka, wanda ɗalibai ke cewa rezume. Nan akasarin mutane ke tsayawa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Tsakure hatsin bakin buhu ne, mai saye kuwa sai ya tura hannu ciki.

Gabatarwa ba ta da wuya: abin da aka riga aka sani, da tambayar da ta rage.

To, ku rage gudu in kun iso hanyoyin bincike. Gona nawa aka gwada? Damina ɗaya ce ko uku? Jigawa ce ko fako? Gonar da aka bari ba tassa don kwatantawa, ita ma an ba ta taki daidai da 'yar'uwarta? In ba a ba ta ba, ba wanda zai iya cewa ramin ne ya yi aiki ko takin. Ana rubuta wannan sashe dalla-dalla ne don wani, ko a tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore yake, ya iya maimaita gwajin ya gani da idonsa.

Sakamako alƙaluma ne tsagwaronsu, kilo nawa a hekta, cikin jadawali. Ra'ayin marubuci sai a tattaunawa, inda zai faɗi abin da yake ganin ya jawo hakan. Mai gaskiya a nan yake bayyana inda aikinsa ya gaza, misali shekarar ta zo da fari.

Manazarta ce ƙarshe, wato jerin rubuce-rubucen da marubuci ya duba. Mujallun kimiyya sun soma fitowa tun 1665 a Faris da Landan, kuma a yau mujallar kirki ba ta buga takarda sai wasu masanan fannin sun tace ta. Saboda haka ku duba sunan mujallar, galibi yana can saman shafin farko ko ƙasansa, da ƙananan haruffa.