Aswaki da hannun da ke riƙe da shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa ku shigo, ga kujeru nan gaba babu kowa, ba wanda za a ce ya buɗe baki a duba. (Dariya.)

An ce in yi bayani a kan aswaki, ko zai iya tsayawa a madadin buroshi da man goge baki. Abubuwa biyar na shirya: tarihinsa, abin da ke cikin itacen, yadda ake yin sa, inda ya gaza, sai itatuwan da ba a sa su a baki. Amma bari ku fara jin girman matsalar. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da ciwon baki da haƙora, kusan rabin mutanen duniya ke nan. Wajen biliyan 2 suna da ruɓewa a haƙoran girma, kusan biliyan 1 kuma ciwon dasashi mai tsanani. Wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san cewa dare yana da tsawo.

Tarihin ba zan daɗe a kansa ba. Mutanen Babila suna goge haƙora da tsinken ice wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, an kuma tono irinsa a kaburburan mutanen Masar na dā. A Indiya reshen darbejiya ake yi da shi har gobe. Larabawa kuma saiwar wani itace mai suna arak. Buroshi fa? Wani Bature, William Addis, shi ya fara ƙera shi da yawa don sayarwa a Ingila wajen 1780, da gashin dabba. Mai gashin nailan ɗin nan da muka sani sai a 1938 kamfanin DuPont ya fito da shi a Amurka. Bai cika shekara 100 ba. Kun kuma san hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin aswaki a kowace salla. Aka tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da me yake farawa in ya shiga gida, ta ce da aswaki. Ku riƙe "kowace salla" ɗin nan, zan dawo kanta. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1986 ta ba da shawarar a riƙa amfani da aswaki.

Na biyu, me ke cikinsa? Shi arak, masana tsirrai suna kiransa Salvadora persica. In ka samu ɗanye ka sa a baki, za ka ji wani ɗan yaji yana hawa hanci. Wannan yajin sinadari ne, sunansa benzil isotiyosiyanet. Ba sai kun haddace ba, ba jarrabawa za a yi ba. A Cibiyar Karolinska da ke Suwidin an yi wani gwaji da nake so ƙwarai. Aka shuka ƙwayoyin cutar dasashi a faranti, aka rataye guntun aswaki a samansu, bai ma taɓa su ba, sai ga shi ya hana su yaɗuwa. Tururin da ke fita daga itacen kaɗai! Akwai kuma silika, wani ɗan gari mai kankare tabo. Sannan ɗanɗanonsa yana tsinko miyau, shi kuwa miyau shi ke wanke tsamin da ke cin haƙori.

To amma, jama'a, duk wannan ƙari ne. Asalin aikin gogewa ce. Bari in faɗi abin da ake gogewa ɗin. Kun san in aka bar ruwa ya daɗe a mazubi, sai ka shafa cikinsa ka ji santsi, in an ƙara kwana ya zama gansakuka? Haka haƙori yake. Awoyi kaɗan bayan ka goge, wata dauɗa mai yauƙi za ta fara mannewa, cike take da ƙwayoyin cuta. In ka sha zaƙi su ma sun sha, sai su fitar da tsami, tsamin ya dinga narkar da farin rufin haƙori har ya yi kogo. Babu wata tsutsa a ciki, tsami ne. Kuma dauɗar ta fi taruwa a wuri ɗaya: gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Kurkure baki ba ya fitar da ita. Yajin itace shi kaɗai ba ya fitar da ita. Sai an goge.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fito da ni daga gida yau. A 2003 an buga wani bincike, shi ma da hannun mutanen Karolinska, a kan maza 15 'yan Saudiyya. Kowa ya yi mako 3 da aswaki, mako 3 da buroshi. Aswaki ya fi rage dauɗa da kumburin dasashi. Mutane suna son faɗin wannan, ni ma ina so. Amma akwai sharaɗin da ake tsallakewa in ana ba da labarin: sai da aka zaunar da su aka koya musu yadda ake yi. An koya musu! Shi ne abin da yawancinmu ba a taɓa yi mana ba. Mun tashi mun ga ana yi, muka kama.

Me nake gani kullum? Mutum ya soka aswaki a gefen baki, yana tafe yana tauna, yana hira yana tauna, awa guda cur. In ya tuna, ya ɗan goga a haƙoran gaba guda shida, kat-kat-kat, ya duba madubi ya ga fari tas, ya ce alhamdu lillahi. Malam, haƙoran babba 32 ne. Ina sauran 26? Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina, ya ce shekara 40 bai rabu da aswaki ba, me ya sa turamensa ke girgiɗa? Na duba, gaba kamar madara, ciki kuwa ta wajen harshe dauɗa ta daskare ta zama dutse. Wallahi har raina na ji ba daɗi, domin mutumin nan bai yi sakaci ba, ƙoƙarinsa ya yi. Ba a nuna masa ba ne kawai.

To ga yadda ake yi, ku dubo hannuna. Ka zaɓi mai kaurin ɗan ƙaramin yatsanka, tsawon taƙi guda, miƙaƙƙe, ɗanye in da hali. In busasshe ne ka jiƙa bakinsa a ruwa mai tsafta har ya yi laushi. Ka feƙe ɓawon kamar santimita 1, kada ya wuce haka, domin in gashin ya yi tsawo sai ya kwanta, ya zama tsumma. Sai ka tattauna shi a hankali da turame har ya baje ya yi taushi. Taunawa ta ƙare a nan. Daga nan aiki ne.

Riƙon kuma, ƙaramin yatsa a ƙasa, babban yatsa a ƙasa kusa da baki, ukun tsakiya a sama. Ko kuma ka riƙe shi kamar alƙalami. Me ya sa? Don kada ka samu ƙarfin dannawa. Wanda ya dunƙule hannu a kansa kamar zai yi sassabe, dasashinsa zai ci. Ka ɗora gashin a gindin haƙori, ka sharo daga dasashi zuwa bakin haƙori. Na sama ka sharo ƙasa, na ƙasa ka sharo sama. Daga ja zuwa fari, haka za ku koya wa yara, daga ja zuwa fari. Haƙori ɗaya, sai na kusa da shi, sai na kusa da shi. Kada ka yi ta zarto daga hagu zuwa dama. Zarton nan shi ke sa dasashi ya janye, saiwar haƙori ta fito fili, ka sha ruwan sanyi ka ji har ƙwaƙwalwa. Kuma dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa. Zan maimaita: ba ya komawa.

Kowane haƙori fuska uku za ka bi: ta waje, ta ciki, da inda ake tauna. Ta cikin nan ita ce jarrabawar mai aswaki. Dubi buroshi, gashinsa a gefe yake, yana lanƙwasawa ya shiga lungu. Na aswaki a tsaye yake bisa kan sanda, saboda haka shiga bayan turame na ƙarshe da bayan haƙoran ƙasa sai ka buɗe baki sosai, ka karkata hannu, ka yi haƙuri. Wannan ba a yin sa ana tafiya a hanya. Ka tsaya. Minti biyu zuwa uku, ka tsaya. Ka gama ka shafa harshenka a kan haƙoran, ciki da waje. In ka ji sumul kamar tangaran, ya fita. In ka ji kaushi-kaushi ko yauƙi, koma. Harshe ba ya yi maka ƙarya, ya fi madubi.

Na ce zan dawo kan "kowace salla". Dauɗar nan ba ta hutu, tana sake taruwa kullum. Wanda ke share ta sau da yawa a yini, a hankali, bai ba ta damar kafuwa ba. A nan aswaki ya yi wa buroshi fintinƙau: ba ya neman famfo, ba ya neman man gogewa, yana aljihunka. Amma ku lura, sau da yawa a hankali na ce. Sau da yawa da ƙarfi, ɓarna ce.

Af, na manta da aljihun. Kada a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makulli da kuɗi. Ka wanke bakinsa bayan ka gama, ka bar shi ya sha iska. Kada kuma ka ƙunshe shi jiƙe a leda, zai yi fumfuna. Gashin da ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya baje, yajin ya tafi, yanke shi ka buɗe sabo. Wasu sai su yi wata guda da baki ɗaya har ya yi baƙi. Kuma ba a aron aswaki. Ko na maigida ne, Hajiya, a bar masa kayansa. (Dariya.)

Na huɗu... ko na uku muke? To, ko ma na nawa ne. Inda aswaki ya gaza shi ne fuloraid, wani sinadari mai kare haƙori. Man goge baki na kirki yana da shi kimanin kashi 1000 zuwa 1500 cikin miliyan, yana ƙarfafa rufin haƙori ya jure tsami. Abin da aswaki ke bayarwa bai kai nan ba ko kusa. Saboda haka ni abin da nake faɗa wa mai shan zaƙi da yawa, da yara, da wanda haƙoransa suka fara kogo: a yi buroshi da man fuloraid safe da dare, a riƙe aswaki tsakanin yini. Wanda kuma ba shi da halin buroshi, kada ya ji ya gaza, aswakinsa ya isa ya tsare masa dasashi in ya yi shi daidai, ya kuma rage sukari. Itatuwa kuma, a taƙaice, duk mai farin ƙaro kamar tumfafiya a bar shi, wanda ba ka sani ba a bar shi, wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari a bar shi. Sannan tsakanin haƙora...

Na'am, Baba? A miƙa masa abin magana.

(Wani dattijo ya ce duk lokacin da ya yi aswaki sai ya ga jini, shi ya sa ya daina taɓa wurin.)

Allah ya saka da alheri, Baba, wannan tambayar ta fi abin da zan faɗa. Jama'a, wa ke ganin jini in ya goge baki? Ku ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne. Kun gani ko, Baba, ba kai kaɗai ba ne.

Jinin iri biyu ne. Akwai na rauni: aswakin ya bushe, ko ɓawo ya rage a bakinsa, ko hannu ya yi nauyi. Wannan za ka ji zafi, za ka ga ƙurjewa. Maganinsa ka jiƙa, ka tausasa, ka sassauta. Amma wanda ya fi yawa shi ne dasashi ya kumbura saboda dauɗar da ta kwanta a gindinsa. Za ka gan shi ja, ya yi taushi, da an taɓa sai jini, kuma ba ya zafi sosai. To in ka daina taɓa wurin, dauɗar ta samu gida, kumburin ya ƙaru, jinin ya ƙaru. Wurin da ke jinin shi ya fi bukatar gogewa. Ka ci gaba, Baba, a hankali, daga ja zuwa fari, kullum. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga ya ragu.

In ya wuce mako biyu bai tsaya ba, ko akwai warin baki da ba ya tafiya, ko haƙori ya fara motsi, to dauɗar ta riga ta daskare ta zama dutse. Dutsen nan aswaki ba ya cire shi, buroshi ba ya cire shi, sai likitan haƙori ya kankare da ƙarfensa. Kada a sa allura ko reza, don Allah. Mai ciwon sukari ya fi kowa bukatar ya je da wuri, domin ciwon dasashi da ciwon sukari suna ƙara wa juna ƙarfi. Mai juna biyu ma takan ga jinin nan, ita ma kada ta daina gogewa. Mai shan taba kuwa nasa ya fi haɗari, domin taba tana ɓoye jinin, ciwon yana ci a ƙasa bai sani ba.

Ana yi mini alamar lokaci ya cika. Baba, aswakin yana tare da kai? Kawo in gani. Yawwa. Kun ga gashin nan ya kai rabin yatsa, ga ɓawo a gefe, shi ke yankar ka. Wa ke da 'yar wuƙa mai tsafta? Ku matso kusa, na baya ma ku taso, mu gyara wannan tare.