Bockris da Iskar da ke Ɓoye a Cikin Ruwa

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa ɗaliban zango a Aboabo, Kumasi, bayan La'asar.)

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu, ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zafi. Na can baya, kuna jina? Madalla.

Ku dubi wannan kofi. Ruwan famfo ne, na barbaɗa masa 'yar kanwa. Ga fensir biyu da na fiƙe kai da gindi, na ɗaura musu waya zuwa ƙaramin batir. Hajiya, matso ki gani. Kin ga kumfa na tsattsafowa a bakin kowane fensir? Wutar batir ce ke raba ruwan zuwa iska iri biyu. Inda ya fi yawa, haidirojin ne, iska mai kama wuta. Ɗayan kuwa iskar da muke shaƙa ce. Tun 1800 wasu Turawa biyu suka yi wannan a Ingila, saboda haka ba ni na ƙirƙiro ba, kada a kai ni gaban Sarkin Zango. (Dariya.)

Mutumin da zan yi magana a kansa shi ne John Bockris, masanin fannin sinadarai da lantarki. An haife shi a Johannesburg a 1923, ya yi karatu a Landan, ya koyar a Amurka da Ostareliya, ya rasu a 2013. Wajen 1970 ya fara yaɗa abin da ya kira tattalin arzikin haidirojin. Hujjarsa mai sauƙi ce: rana tana ba da wuta, amma da magariba sai ta tafi gida. To, a yi amfani da wutar rana a raba ruwa, a tara iskar haidirojin a tanki, a ƙona ta da dare ko a tura ta bututu zuwa wani gari. Tokarta ruwa ce kawai. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai masu yi masa dariya suka fara kasa kunne.

Mu a jami'a, idan za a auna malami, ƙirgawa ake yi: takardu nawa ya buga, sau nawa wasu suka ambace shi. Bockris ya buga ɗaruruwa. Amma ni wannan awon bai cika min ciki ba. Kamar ƙirga masu gaishe ka ne a kasuwar Kejetia. Da yawa ba su san ƙofar gidanka ba.

Ku dubi Amulya Reddy, ɗan Indiya, wanda ya yi aiki tare da shi a Jami'ar Pennsylvania, har suka rubuta littafin da ɗaliban fannin suka daɗe suna karantawa, a 1970. Reddy ya koma Bangalore, ya juya akalar bincikensa zuwa ƙauye. A wani ƙauye mai suna Pura, da kashin shanu aka samar da gas, gas ya tayar da inji, inji ya ɗago ruwa ya kunna fitilu. Wannan, a ganina, shi ne tasirin da ke da nauyi: mutumin da ya zauna kusa da kai ya koma gida da abin da zai amfani mutanensa.

Sai dai gwani ma yakan yi tuntuɓe. Daga 1989 Bockris ya rungumi wasu gwaje-gwaje da sauran masana suka kasa maimaitawa, har ta kai ga zancen mayar da wasu ƙarafa zinariya. Abokan aikinsa suka juya masa baya. Sunansa bai hana a ce masa "kawo hujja" ba, kuma daidai ne.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 ya san darajar ajiyar wuta. Masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, sun yini zaune, injin a kashe. Muna da madatsar wuta ta Akosombo tun 1965, ga ta Bui, ga rana a Arewa kamar ta ƙona mutum. Amma ku riƙe lissafin nan: kilo ɗaya na haidirojin yana cin ruwa lita 9 da wuta wajen yunit 50, makamashin da ke cikinsa kuwa yunit 33 ne. Akwai asara tun kafin a fara. Shi ya sa har yau yawancin haidirojin na duniya daga iskar gas ake samunsa, kuma takin zamani da tace mai ake yi da shi.

Ku da ke shirin shiga KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, akwai cibiyar binciken makamashi a can mai sunan marigayi Farfesa Brew-Hammond. Ku je da wannan tazarar da ke tsakanin 50 da 33, ku tambaye su ina aka kwana.

Na ji ladan ya fara gyaran murya. Yaro, cire wayar batirin nan kafin ya mutu.